Ranar da Tomeji Ya Shiga Daji

Mijina, Oikawa Tomeji, ya shekara arba'in da ɗaya yana gyara wa mafarautan garinmu bindigogi, amma ko kurciya bai taɓa harbi ba. Duk wanda ya san shi da tsoro ya san shi. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa. Mota ma ni nake tuƙa mu, domin ranar da ya je jarrabawar tuƙi, da ya hango babbar motar katako ta taho, sai ya gangara gefen hanya ya kashe inji ya fito ya tsaya a ciyawa. Mafarauta suka sa masa suna Zomo. A gabansa suke faɗa, shi kuma yana amsawa.

A Karafuto aka haife shi, tsibirin da ke arewa da Hokkaido. Yana da shekara goma sha huɗu yaƙin duniya na biyu ya ƙare, suka gudo suka tsallako Hokkaido a cikin jirgin masunta, shi da uwarsa da ƙannensa biyu, kwana biyu a ƙasan jirgi cikin ƙarnin kifi, an ce kada wanda ya yi ko tari. Ubansa ya ce su je zai biyo baya, bai kuwa biyo ba. Sau ɗaya ya taɓa ba ni wannan labari, ban kuma sake tambaya ba. A Kushiro ya koyi aikin ƙarfe wajen wani mai gyaran injin jirgi wanda yake taɓa gyaran bindiga a gefe, da maigidan ya tsufa sai ya bar masa wannan ɓangaren. Muka yi aure, muka dawo nan cikin makiyaya, muka buɗe shago a gaban gida. 'Yarmu ɗaya, Satomi.

Ni kuwa a bakin daji na tashi. Tun ina ƙarama nake bin uwata tsinkar ganye da bazara, da kaka kuma neman naman kaza. Babu kwarin da ban sani ba a bayan garin nan. Tomeji bai taɓa raka ni ba. In na dawo sai in tarar da shi a ƙofar shago yana goge hannun da babu komai a kai.

Tsoron nan shi ya sa aikinsa ya yi kyau. Bindigar da wani zai gama a kwana uku, shi sai ya yi mako biyu yana juya ta. Yawancin na mutanenmu masu sakata ne: ka ja sakatar baya ta tofar da kwanso, ka tura ta gaba ta ɗauko sabon harsashi daga ɗakinsa na ƙasa ta haura da shi cikin maƙogwaron bututu. Tomeji yakan ce harbin farko kowace bindiga tana yi, na biyu ne ake biyansa dominsa. In ya gama aiki sai ya cika ta da harsasan gwaji, marasa albarushi, ya kira ni daga kicin. Sunana yana cikin takardar shagon, don haka ina da damar taɓawa.

"Hisae, zo ki wulaƙanta min wannan."

Hannunsa ya san bindiga, yana lallaba ta ko bai yi niyya ba. Ni kuwa sai in fizgi sakatar kamar ina fushi da ita, a tsaye, a karkace, da safar hannu, da jiƙaƙƙen hannu. In ta cije ko sau ɗaya, ba za ta bar shagon ba.

A cikin masu zuwa shagon babu wanda ya fi Funaki Genzo surutu. Ya girmi Tomeji da shekara biyar, ƙato ne, mai ƙaramar gonar dankali, kuma shi ake nema duk lokacin da beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, ya sauko gari. Mu a nan ba mu cika kiran sunan dabbar ba, sai mu ce maigidan dutse. Funaki ya kashe goma sha ɗaya. Amma akwai wanda ya harba sau uku da bindigarsa ta barewa, ya ga ƙura ta tashi a jikinsa duk sau ukun, dabbar ta juya ta shige abinta. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Da damina ta 1984 ya kawo bindigar ya ɗora a kan tebur.

"Zomo, ka mayar min da ita mai cin manyan harsasai."

"Yaya, ka sayi sabuwa mana."

"Shekara ashirin kafaɗata ta saba da wannan ƙotar. In je in auri sabuwa da tsufana? Ka canza mata ciki kawai."

Aikin ba ƙarami ba ne. Sai an nemi izini, an yi ta kai takardu, an sa sabon bututu. Wannan duk mai sauƙi ne a wajen Tomeji. Abin da yake hana shi cin abinci shi ne ɗakin harsashin. Sabon harsashin ya fi tsohon tsawo da kauri, dole a faɗaɗa masa wuri, a goge leɓɓan ƙarfe biyun da suke riƙe shi, a gyara ɗan gangaren da yake hawa ya shiga maƙogwaro. In ka goge kaɗan ya maƙale, in ka zarce ya yi tsalle ya fice, ƙarfen da magagari ya ci kuwa ba ya dawowa. Sai ya ja magagari sau biyu, ya ajiye, ya gwada, ya sha shayi, ya sake ja sau ɗaya. Wata biyu yana wannan.

A farkon Oktoba Satomi ta haihu a Obihiro, na tafi na yi mata kwana goma. Ina can maigidan dutse ya shiga makiyayar wani mai shanu, Tateishi, ya kashe saniya. Bayan kwana huɗu ya dawo ya kashe ta biyu, ya ja ta ya shige kwari da ita. Saniyar madara ce babba, wadda maza huɗu ba sa ɗagawa. Aka hana yara zuwa makaranta a ƙafa.

Ranar da na dawo da yamma na tarar babu bindigar Funaki a kan maratayi.

"Ya zo ya karɓa," in ji Tomeji.

"Ban gwada ba ai."

"Na gaya masa. Ya ce sau ɗari nawa zan gwada, ko sai an cinye shanun gari. Ya sayi akwati biyu na harsashi ya tafi."

Bai kalle ni ba da yake faɗa. Na ɗauka gajiya ce.

Washegari da safe na zuba masa shinkafa da miyar miso ta waken soya da gasasshen kifi. Ya riga ya sa rigar aikinsa. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko tabarau, sai ya fito da harsashin gwaji guda ɗaya. Ya tsura masa ido. Na ga jini ya bar fuskarsa, leɓensa ya yi fari fat.

"Baban Satomi, lafiya?"

Ya miƙo min. Ba irin masu tsinin da ya saba gwaji da su ba ne, wannan mai mulmulallen kai ne na dalma. A gefen kan akwai 'yar tsaga, kamar an sara da wuƙa.

"Irin wannan ya saya jiya," ya ce. "Akwati biyu. Ni na miƙa masa."

"To?"

"Mako ɗaya da ya wuce na gwada wannan. Da na ja a hankali ya shiga. Da na fizga sai kansa ya daki bakin gangaren ya tsaya. Sau ɗaya ne. Na ce hannuna ne ya karkace. Na sa shi a aljihu, na ce in kin dawo za mu duba." Ya karɓi harsashin ya ajiye a tebur. "Na sani, Hisae. Jiya da nake miƙa masa akwatin wani abu ya ce min in yi magana. Yana ta faɗa, yana buga tebur, sai na yi shiru."

Ya tashi ya buga waya gidan Funaki. Matarsa Kimie ta ɗauka, ta ce ai tun kafin gari ya waye ya fita, shi kaɗai, ya ce ba zai jira 'yan ƙungiyar mafarauta su gama karin kumallo da gardama ba. Tomeji bai gaya mata komai ba. Ya kira shugaban ƙungiyar mafarauta, shi ya ce mutanensa suna can wancan gefen kogi, ba za su haɗu ba sai wajen goma. Ya ce mu zauna a gida.

Lokacin bakwai saura ne. Tomeji ya shiga shago ya ɗauko akwatin harsasai masu tsini, da 'yar guduma, da sandar tagulla mai tsawon tafin hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya cikin takalmi.

"Kin san kwarin?"

"Na sani. Kai ne ba ka sani ba."

"Ki kai ni bakinsa ki nuna min, sai ki dawo."

"In nuna maka ka ɓata, a tashi neman mutum biyu? Sa ɗaya takalmin."

Muka shiga mota. Ya rungume akwatin a cinya, ina jin harsasan suna kaɗawa a ciki.

A ƙarshen makiyayar Tateishi muka ga 'yar motar Funaki. Shanu duk sun taru a kusurwa ɗaya kusa da rumfa, babu mai kiwo, babu mai kuka. An karya shingen waya a wuri ɗaya, daga nan wata hanya mai faɗi ta shiga ciyawa, inda aka ja saniyar. Muna tsallake wayar ke nan muka ji harbi, can ciki, ƙararsa ta bi kwarin ta dawo.

Muka tsaya. Tomeji ya ɗaga yatsa ɗaya, bakinsa yana motsi, yana ƙirga. Funaki ba ya harbi ɗaya ya tsaya, kowa ya sani, ko dabbar ta faɗi sai ya ƙara mata. Tomeji ya kai goma, ya kai talatin. Ban da ruwan rafi babu abin da ake ji. Ya kai sittin, ya sauke hannun. Sai ya juya ya yi amai a gindin shinge, ya goge bakinsa da hannun riga, ya wuce gaba. Na riƙo shi na mayar da shi bayana.

Ina da ƙararrawa a ɗamara, wadda muke sawa don dabba ta ji mu ta kauce. Amma wannan ga lafiyayye ne. Wanda aka ji wa ciwo, in ya ji ki, ba kaucewa yake yi ba, kwanciya yake yi ya jira. Na tsaya ina tunani, na rasa wanne ya fi. A ƙarshe na cusa ganye a cikinta ta yi shiru. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Kwarin cike yake da sasa, gajeren goran nan mai faɗin ganye, a wasu wuraren ya fi ni tsawo. A cikinsa ba ka ganin abin da yake taku uku a gabanka. Muka bi ta cikin rafin, ruwa yana shiga takalma, sanyinsa har cikin ƙashi. Ina jin numfashin Tomeji a ƙeyata. Sau biyu ya zame ya faɗi, duk sau biyun ya ɗaga akwatin sama kada ya jiƙe. Wani tsuntsu ya tashi fir daga gefe, sai na ji yatsunsa sun nutse a kafaɗata. Shatinsu ya yi mako bai ɓace ba.

Wari muka fara ji. Bayan wata kwana muka ga tudun ƙasa da ganye da karyayyun rassa, ƙafar saniya ɗaya da gefen kai sun leƙo daga ciki, da lambar Tateishi a kunnen da ya rage. Haka suke binne abincinsu, kuma ba sa nisa da shi. Uwata ta sha gaya min in na ga irin wannan in juya ba tare da na tsaya kallo ba. A laka kusa da tudun ga sawu, na sa takalmina a ciki ya shige da sauran wuri. Gaba kaɗan ganyen sasa ya jiƙe da jini, har tsayin ƙirjina.

Sai muka ji tari, ƙasa-ƙasa, irin na mutum.

Funaki yana zaune a gindin wata bishiya a ɗaya gefen rafin, ya jingina bayansa. Hularsa babu. Rigarsa ta yage daga kafaɗar dama har gwiwar hannu, hannun yana rataye kamar ba nasa ba, ya ɗaure saman da igiyar jaka ya ja da haƙori. Ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bindigar tana kan cinyarsa, sakatar a rabin hanya. Da ya gan mu bai yi mamaki ba. Ya ɗora yatsa a baki, sannan ya nuna da haɓa wajen wani kurmin sasa a saman gangare, abin da bai fi taku ashirin da biyar ba.

Muka rarrafa muka isa gare shi.

"Zomo," ya ce cikin raɗa, "wa ya kawo ka gidan mutane?"

"Yaya, laifina ne. Harsashin..."

"Rufe min baki. Na same shi a ciki, baya da inda nake so. Ya taho, na ja, ta ƙi. Ya mare ni sau ɗaya ya wuce. Yana nan kwance. Ku saurara."

Na saurara, da ma ban yi ba. Numfashi ne mai nauyi, mai gurnani a ƙarshensa, yana ja yana saki, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Wani lokaci ya ɗauke, sai in ji zuciyata ta tsaya tare da shi, sai kuma ya dawo.

"In muka motsa zai sauko," in ji Funaki. "Ɗazu na gwada jan jiki, ya tashi tsaye. Gyara min ita."

Tomeji ya karɓi bindigar. Harsashin ya cije a karkace, kansa ya lotse a bakin gangaren, Funaki kuma ya ƙara dukan sakatar da tafin hannu har ta kafe. Ya buɗe murfin ƙasa, sauran harsasan suka zubo a cinyarsa, amma na saman ko gezau. Ya sa sandar tagulla, ya ɗauki guduma. Hannunsa yana rawa har sandar tana ƙwanƙwasa ƙarfe da kanta.

"Sai na buga," ya ce. "Zai ji."

"To da waƙa za ka fitar da shi? Buga."

Ya cire hularsa ta ulu ya naɗe kan sandar. Ya buga sau ɗaya. Numfashin can sama ya tsaya.

Babu wanda ya motsa. Ina kallon wani kwaro yana tafiya a kan takalmin Funaki, na kasa ɗaga ido daga kansa. Sai ganyen sasa ya fara kaɗawa a saman gangaren, babu kuwa iska.

"Buga," in ji Funaki, yanzu ba raɗa.

Ya buga na biyu, ya buga na uku, harsashin ya fice ya faɗa ruwa. Ya ja sakatar ta tafi, ya dawo da ita. Ya rufe murfin, ya buɗe akwatinsa, harsasai suka watse a ganye, ya tsinci uku ya danna su ciki ɗaya bayan ɗaya. Abin da na lura, da yatsunsa suka shiga aikin da suka sani sai rawar ta ragu. Ya tura sakatar, ta rufe. Ya miƙa wa Funaki.

Funaki ya gwada ɗagawa da hannun hagu, bakin bindigar ya yi ƙasa ya daki laka. Ya sake, ta sake faɗuwa.

"Kai za ka harba."

"Ban taɓa harbin abu mai rai ba, Yaya. Takarda kawai. Zan kuskure."

Funaki ya dube shi, ya ga gaskiya ya faɗa.

"To durƙusa a gabana. Ba ni bayanka. Matso. Hisae, zo nan damana. In na harba ki ja ki tura, kada ki jira in ce."

Ya ɗora bututun a kan kafaɗar Tomeji ta dama, ya sa ƙotar a tasa kafaɗar ta hagu. Haka mijina ya durƙusa a laka, fuskarsa tana kallon kurmin, babu komai a hannunsa, shi ne na gaba a cikinmu. Ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu.

"Kana rawa, Zomo."

"Na sani."

"Ja numfashi ka riƙe in na ce."

Ciyawar tana buɗewa tana rufewa, abin yana saukowa a hankali, ba a miƙe ba, yana karkata hagu. Muka daina ganin motsin. Na ɗauka ya kwanta. Sai ga kansa ya fito a bakin rafin, ƙasa da inda muke zato, kusa ƙwarai. Ban taɓa ganin kai mai faɗin wannan ba. Gashin wuyansa ja-ja ne, cikinsa ya jiƙe baƙi ƙirin, yana jan ƙafar baya ɗaya. Ƙananan idanunsa suka tsaya a kanmu. Ya buɗe baki ya rufe, haƙoran suka yi ƙara kamar an haɗa katako biyu.

Funaki ya juya bututun a hankali, kafaɗar Tomeji tana bi.

"Riƙe."

Ya shigo ruwa. Ban ji ƙarar harbin kamar ƙara ba, ji na yi kamar an mare ni a fuska duka. Na ga ya durƙushe a gaba, ya tashi, ya taho. Hannuna ya fizgi sakatar da duk ƙarfina, yadda na saba, na tura, ta shige sumul. Funaki ya sake harbi. Na sake ja, na sake turawa. Na uku bai tashi ba, domin babu bukata. Ya faɗi a cikin rafin, ruwa yana taruwa a bayansa yana zagayowa ja. Daga baya 'yan ƙungiya suka auna, taku shida ne tsakanin hancinsa da gwiwar Tomeji.

Muka daɗe a haka, bututun yana kan kafaɗarsa. Funaki ya ce a jira, ya ce kunnuwan za a duba, in sun kwanta baya to da sauransa. Da ya tabbatar sai ya ce, "Tashi, Zomo, an gama." Tomeji bai tashi ba. Na zagaya gabansa. Idonsa a buɗe, jini yana fita daga kunnensa na dama yana bin wuya. Wandonsa ya jiƙe, ba da ruwan rafi ba. Na yi masa magana, ya kalli bakina, ya ce, "Me?" da ƙarfi.

Ba mu iya ɗaukar Funaki ba. Na ƙara ɗaure hannun da ɗankwalina, na cire ganyen daga ƙararrawa na yi ta kaɗawa har 'yan ƙungiya suka same mu wajen sha ɗaya. Kafin su iso Funaki ya fara rawar sanyi yana maganar da ba ta da kai, Tomeji ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya zauna yana riƙe da ƙafarsa mai lafiya, don ya rasa inda zai riƙe.

Funaki ya yi wata biyu a asibiti. Ƙafar ta warke da ɗingishi, hannun dama kuwa bai sake ɗaguwa sama da ƙugu ba. Ya mayar da lasisinsa. Kunnen Tomeji na dama ya mutu daga ranar.

Kwana uku bayan abin, Tomeji ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki ya ce in kai shi wajen 'yan sanda. Ya ajiye musu harsashin gwajin nan a tebur ya faɗi komai, har da shirun da ya yi. Suka je asibiti suka tambayi Funaki, shi kuma ya ce ƙarya ne, Zomo ya hana shi, shi ya ƙwace bindigar da ƙarfi. Aka yi ta kai da kawowa har ƙarshen shekara, aka ja wa Tomeji kunne a rubuce, aka bar masa shagon. Bai ji daɗin haka ba. Ina ganin da an hukunta shi da ya fi samun barci.

Ranar da muka je wajen 'yan sanda, daga can gidan Funaki muka wuce, ya durƙusa a ƙofa ya gaya wa Kimie abin da ya gaya musu. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Da na ɗauki wayarka ran nan, ka riga ka sani?" Ya ce ya sani. Ta ja ƙofa ta rufe. Daga ranar ba ta sake gaishe mu ba, ko a kasuwa, ko a haikali.

Da aka dawo da bindigar shago kafin a sayar, ya ƙarasa aikin. Ja uku na magagari ya rage. Na tsaya ina kallo, ko minti biyar bai ɗauka ba.

Bai zama jarumi ba bayan wannan, kada wani ya ɗauka haka. Tsoronsa ƙaruwa ya yi. Ya daina karɓar aikin faɗaɗa ɗakin harsashi gaba ɗaya, ko nawa za a ba shi, sai ya tura mutum Sapporo. Ya roƙe ni in daina shiga daji, na rage, ban daina ba. Saboda kunnen, ba ya jin mutum in ya taho ta dama, sai ya juya teburinsa ya sa wannan gefen a bango. Mafarauta sun daina kiransa Zomo, ban da mutum ɗaya.

Funaki, da ya rasa abin yi da kaka, sai ya mayar da shagonmu wajen zamansa. Kullum bayan karin kumallo zai ɗingiso ya zauna kusa da murhu, ya sha mana shayi, ya ba matasa labarin ranar. Kowace shekara beyar ɗin yana ƙara girma, taku shida ya koma uku. Amma bai taɓa faɗin zancen wandon ba, bai kuma taɓa faɗin dalilin da ya sa bindigar ta cije ba. In an tambaya sai ya ce tsufa ne ya sa hannunsa ya yi gardama.

Mun rufe shago a shekara ta 2000, da idon Tomeji ya raunana. Bayan shekara uku ya rasu a gida, ciwon huhu, da rana tsaka, Satomi tana riƙe da hannunsa. A wajen zaman makoki Funaki ya zo a keken guragu, Kimie tana tura shi. Ta kai shi gaba ya ƙona turare da hannun hagu, ita ma ta ƙona. Da mutane suka fara raguwa na shiga kicin, sai na tarar da ita a tsaye a bakin famfo. Gashinta ya yi fari duka, ban lura ba sai ranar.

"Shekara goma sha tara ina ɓalla masa maɓallin riga," ta ce.

"Na sani, Yaya Kimie."

"Ba na ce ki ce komai ba."

Ta naɗe hannun rigarta ta jawo tiren kofuna. Ta wanke, ina gogewa, har muka gama, sannan ta tambaye ni inda nake ajiye su.